Ginshiƙi Mai Rigar Karammiski

A duk faɗin layin nan babu mahaluƙin da ya taɓa ƙarasa yi wa Na-Sani bayani. Kana buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na sani, na sani," har sunan ya bi shi ya danne na gaskiyar. Sana'arsa ɗinkin labule da rigunan kujeru, kuma tsakani da Allah a wannan fanni ba shi da na biyu. Matsalar dai ita ce bai taɓa yarda cewa a nan iliminsa ya tsaya ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato surukinsa, Baba Direba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana auren Auta, 'yar tsohon ta ƙarshe, amma ko sau ɗaya bai ji "sannu da ƙoƙari" daga bakinsa ba. In ya je gaisuwa sai tsohon ya ce, "Mai labule ne? To, zauna, amma kada ka taɓa komai." Na-Sani yakan yi dariya a gaban mutane, amma maganar tana yi masa ciwo ƙwarai.

Baba Direba ya yi shekara talatin yana kai masu haƙa rijiya cikin daji da wata tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Da aikin ya ƙare sai aka bar masa ita. Yanzu idonsa ya yi rauni, mutum ma kamar inuwa yake ganinsa, motar kuma ta shekara tara a gindin bishiya, kaji suna saka ƙwai a kujerar direba. Wata rana da yamma ya tara iyalinsa ya ce, "Kafin idon nan ya ƙarasa rufewa, ina so in sake zuwa bakin tafkin da muke yada zango, in kwana biyu in sha iska. Hanyar babu kwalta, ita kaɗai za ta iya. Duk wanda ya tada ta ya kai ni, makullin nasa ne."

'Ya'ya da surukai kowa ya duƙar da kai yana kallon tabarma. Na-Sani ya yi zumbur ya miƙe.

"Wata ɗaya, Baba! Wata ɗaya kacal!"

"Wa ya yi magana?"

"Baban yara ne," in ji Auta a hankali.

Tsohon ya ce, "To, Allah ya ji ƙan motata."

Aka jawo motar da igiya zuwa tsakar gidan Na-Sani. Bakanike, wanda garejinsa ke kallon gidan, shi ya kwana huɗu a kan injin yana zufa, Na-Sani na tsaye a kansa da hannu a baya yana nuna masa notin da zai kwance. Ranar da injin ya yi tari ya tashi, Na-Sani ya bi layi gida-gida yana cewa, "Kun ji ta? Na tada ta."

Bakanike ya goge hannu ya ce, "Sama ta yi. Saura in shiga ƙarƙashi in duba, don na hango kamar babu..."

"Na sani. Ƙarƙashi lafiya lau yake. Kai ka gama naka, abin da ya rage aikin masu basira ne."

Bakanike ya dube shi daga sama har ƙasa, ya kwashe sifanunsa, ya je ya jawo benci ƙofar gareji ya zauna yana fuskantar gidan. Da aka tambaye shi ko hutu yake yi, sai ya ce a'a, kallo ya zo yi, kuma ba ya so wani ya tare masa.

Na-Sani ya fara da taya. Ya samo wasu manya-manya huɗu da suka kai masa ƙugu, ya ce motar daji sai da ƙafa. Aka ɗaura su da kyar. Da ya murɗa sitiyari sai taya ta kama bodi ta yi ƙara, karnukan layi suka ɗauka. Ya kira Mai Walda.

"Oga, tayar ce ta yi girma," in ji Mai Walda.

"Na sani. Amma in ka duba da kyau, motar ce ta yi ƙanƙanta. Yanke nan da nan."

Aka yanke gefen bodi har ana hango hanjin mota daga waje.

Daga nan sai ya gani a waya cewa motocin daji suna da dogon hanci da ke shaƙar iska daga sama, don kada inji ya sha ruwa in an shiga kogi. Ya ciro bututun indararon gidansa ya haɗa, ya miƙar da bakinsa yana kallon sama, har ya ƙara masa mazurari don ta shaƙi iska ta ƙoshi. Da la'asar hadari ya haɗo aka tafka ruwa. Washegari mota ta ƙi ko tari. Dole aka je aka ba Bakanike haƙuri, ya zo ya kwance, ya tsiyaye ruwa ya fi rabin bokiti.

"Iska ka ce za ka ba ta, ko wanka?"

"Gwaji ne. Ina so in ga halinta in ta haɗu da ruwa."

"To, ka gani?"

"Da ma na sani."

A ranar ya zauna a kan keke ya ɗinka wa bututun hula ta leda mai kauri, ya sa mata tuntu ja. Maganar gaskiya hular ta yi kyau, kuma ita ce abu na farko da ya yi wa motar wanda ya yi aiki.

Sai kuma babban aiki, wato ɗaki. Ya tattaro tsofaffin ƙofofi da katako ya gina ɗaki guda a bayan motar, da taga biyu da ƙofa a baya. A ciki ya sa gadon Baba, ya ɗinka katifa da hannunsa, ya rataya labule hawa uku. Ya sa akwatin tukwane a tsakiya. A kan rufi kuwa ya ɗora tankin ruwa, da tayar sifeya biyu, da tanti, da kujeru shida, da tebur, don a cewarsa daji ba hujjar zaman ƙasa ba ce. Bayan mota ya zauna daram, hancinta ya ɗaga sama kamar mai jin wari. Rufin ɗakin kuma ya yi ciki, ya lotsa a tsakiya har yana neman taɓa akwatin tukwane.

Yana cikin neman abin da zai tokare rufin ne ya zura hannu bayan kujerar direba, ya jawo wani abu a naɗe cikin buhu. Da ya warware sai ga wani ƙarfe mai nauyi, tsawon hannu, ya sha giris, kowane kai da faranti mai ramukan noti huɗu. Idon Na-Sani ya yi haske. Ya auna shi tsakanin akwatin tukwane da rufi, ya zauna cif kamar don nan aka ƙera shi.

Auta tana shanya a gefe, ta ajiye kwando ta matso.

"Baban yara, ƙarfen nan na san shi. Ina yarinya na sha miƙa wa Baba sifana in zai ɗaura shi. In ya daɗe a gari yakan cire shi ya..."

"Na sani."

"Me ka sani?"

"Tarkace ne na tsofaffin direbobi. Ba sa zubar da komai."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma kan shanyarta. Shekara ashirin da biyu sun koya mata inda ake ajiye magana. Ƙarfen nan kuwa shi ne farfelar gaba, wadda ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. In babu ita, mota mai jan ƙafa huɗu ba ta fi kowace mota ba. Baba ya cire ta ne a shekarunsa na ƙarshe da yake yawon cikin gari kawai, ya shafe ta da giris ya adana.

Mai Walda ma da ya zo huda ramuka sai da ya tsaya.

"Oga, wannan fa kamar farfela."

"Na sani. Sifeya ce."

"Ka leƙa ƙarƙashi ka ga akwai wata?"

"Da wannan farar rigar?"

Aka ɗaure ta da noti sama da ƙasa, aka cusa 'yan katakai a gaɓoɓinta don kada ta lanƙwashe. Rufi ya miƙe. Na-Sani ya ɗinka mata riga ta jan karammiski da igiya ruwan zinariya, ya kira duk wanda ya gifta ya zo ya ga ginshiƙin ɗakin Baba.

Ranar tafiya ta zo. Tun da sassafe Na-Sani ya ja tiyo zuwa filin da ke ƙarshen layi, ya saki ruwa har wurin ya zama taɓo mai kyau. Dabararsa ita ce tun da Baba ba ya gani sosai, to gara ya ji da jikinsa, a gaban jama'a, yadda surukinsa ke ratsa taɓo. Ya gayyaci kowa da kowa. Bakanike ya zo da bencinsa da lema, ko da yake babu ɗigon hadari a sama.

Fitowa daga gida ma sai da aka cire saman ƙofa, don ɗakin ya fi ta tsawo. Da aka fito, ƙafar tebur ta kama igiyar shanyar Mai Kanti, mota ta tafi da zannuwa uku da rigar mijinta suna kaɗawa.

"Kai, Na-Sani! Da wankina za ka tafi daji?"

"Na sani, Hajiya, tuta ce! Za a dawo miki da su!"

Aka ɗauko Baba Direba aka zaunar da shi gefen taga, Auta a tsakiya, Na-Sani a kan sitiyari da tabarau baƙi. Tsohon ya karkata kai ya saurari injin, ya shafa gaban mota da tafin hannu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"Lalle Bakanike ya iya aiki."

Na-Sani ya haɗiye wannan. A bakin taɓo ya tsaya, ya leƙo ta taga ya yi wa jama'a jawabi.

"Jama'a, ku buɗe ido! Motar nan ba ta neman hanya. Inda ta sa ƙafa, nan ne hanya. Kun ga wannan ƙaramar giyar? In na ja ta, tayoyi huɗu ne za su tashi tsaye. Ku matsa baya kada iskarta ta kwashe ku!"

Ya ja ƙaramar giya, ya taka totur. Mota ta shiga taɓo da ƙarfinta, ta yi tsawon kanta biyu, ta tsaya. Tayoyin baya suka shiga juyawa a wuri ɗaya suna feshi. Taɓo ya tashi sama ya sauko a kan jama'a, mata suka watse suna salati, Mai Walda ya sha guda a baki. Bakanike ya buɗe lemarsa cikin natsuwa. Tayoyin gaba kuwa ko motsi ba su yi ba, suna tsaye kamar baƙin da aka ce su jira a waje.

"Ɗumama jiki take yi!" in ji Na-Sani.

Ya sake takawa. Baya ya ƙara nutsewa, hanci ya ƙara ɗagawa.

"Oga, na gaba fa hutu suke yi!" in ji Mai Walda yana tofar da ƙasa.

"Na sani! Sai na baya sun gaji suke karɓa!"

Ya ja giya baya, ya tura gaba, ya taka har salansar motar ta shige taɓo tana ɓulɓul. Zufa ta jiƙa masa farar riga. Yana jin dariyar mutane ta taga, amma ba ita ce ta dame shi ba. Shirun tsohon da ke gefensa ne.

"Kashe ta," in ji Baba Direba.

Ya kashe.

"Gaba ba ya ja. Tun daga ƙofar gida na ji ƙarƙashinta fayau. Ka ɗaura farfelar gaba?"

"Na sa..." Na-Sani ya tsaya. Ya buɗe baki ya rufe. Tagogi a buɗe suke, duk layin ya yi tsit ana jira. Can ya ce da ƙaramar murya, "Baba, wace iri ce?"

"Ƙarfe ne tsawon hannu. Yana bayan kujerar nan cikin buhu."

Mai Walda ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Auta ta sauko. Ta sa aka shimfiɗa katako a kan taɓo, ta kama hannun mahaifinta ta zagaya da shi baya, ta taimaka masa ya hau ɗakin. Jama'a suka yi cincirindo a ƙofa da tagogi. Tsohon ya laluba labule, ya laluba gado, sannan Auta ta ɗora hannunsa a kan ginshiƙi. Ya shafa karammiski. Ya ja igiyar zinariya. Ya zura yatsu ƙarƙashin rigar, ya tsaya a kan wani tabon walda da shi kansa ya yi shekaru da yawa da suka wuce.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ƙarfen nan ya fitar da ni daga kogi sau uku. Ya hau da ni dutse da injin haƙa a baya. Ashe da rabon zai sa riga kafin ya mutu."

Layin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Bakanike ya naɗe lemarsa ya matso yana naɗe hannun riga.

"Baba, in ɗaura?"

"Ɗaura, ɗan albarka."

Aka kwance noti sama da ƙasa. Ana zare farfela rufi ya yi ƙara ya fara saukowa, tanki da tayoyi da kujeru shida suna binsa. Na-Sani, wanda ke tsaye yana neman inda zai sa fuskarsa, ya yi tsalle ya hau akwatin tukwane ya tare rufin da kai da kafaɗu da hannu biyu. Rufi ya tsaya.

"Riƙe nan, Oga, bari in kawo guntun bututu," in ji Mai Walda.

"Bar shi," in ji Baba Direba. "Wanda ya cire wa mota ƙafa ya yi ginshiƙi, shi ne ginshiƙi."

Aka yi sa'a, nauyin ɗaki ya ɗaga hancin motar, don haka Bakanike ya samu wurin shiga. Ya kwanta a kan katako ya ɗaura farfela, ya fito duk taɓo yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta. Sai aka shiga kallon juna, don direba yana riƙe da rufi.

Tsohon ya sa aka zaro masa makulli, ya miƙa wa Auta.

"Ungo. Kada ki taka da yawa, ki bar ta ta taka da kanta."

Daga ƙarƙashin rufi Na-Sani ya murɗo wuya.

"Auta! Kin iya tuƙi?"

"A motar nan Baba ya koya mini, ina shekara goma sha biyar."

"Ba ki taɓa gaya mini ba!"

"Sau nawa na fara?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta shiga gaba. Baba ya ce shi a ɗaki zai zauna, ya kishingiɗa a gado. Inji ya tashi. Auta ta ja ƙaramar giya, ta saki kuloci a hankali. Wani gurnani ya fito daga ƙarƙashi, tayoyin gaba suka kama ƙasa, mota ta girgiza ta fito daga taɓon tana tafiya kamar ba ita ba. Jama'a suka sa ihu da tafi. Mai Kanti ta bi ta da gudu ta fizge zannuwanta biyu, na ukun ya tafi.

Na-Sani yana zaune a kan akwatin tukwane, wuya a karkace, yana hango layinsu yana nisa ta ƙofar baya. Makulli ya tafi, a gaban kowa, kuma ya san har ya mutu ba za a daina ba da labarin rigar karammiski ba. Ya saci kallon tsohon. Baba Direba ya ɗora tafin hannu a ƙasan motar yana jin yadda take ja, hawaye na bin kuncinsa, yana dariya shi kaɗai.

Suka bar kwalta suka hau hanyar daji. Can tsohon ya gyara kwanciya, ya danna katifa da hannu, ya sake dannawa.

"Mai labule."

"Na'am, Baba."

"Katifar nan, kai ka ɗinka?"

"Ni ne, Baba."

"Da gaske kai ne, ko ita ma Bakanike ne?"

"Wallahi ni ne. Hawa uku ce, na ƙara mata tudu daidai bayanka, don Auta ta ce yana damunka."

Tsohon ya shiga shafa ɗinkin gefe, yana bin zaren da ɗan yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Shekara talatin a kan buhu nake kwana a motar nan," in ji shi. "Ban taɓa sanin bayan mutum yana hutawa haka ba. Sannu da ƙoƙari."

Na-Sani ya gyara wa rufin zama a kafaɗarsa. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, ga shi babu hannun sharewa. Bakinsa ya buɗe da kansa zai faɗi abin da ya saba faɗi, sai mota ta faɗa rami, rufi ya ƙwale shi a tsakar kai, ruwan tanki ya kwararo masa ta wuya. Ya rufe bakin.

"Ka ce wani abu?" in ji Baba Direba.

"A'a, Baba. Ina jin ka."

"Madalla. To riƙe da kyau, saura tafiyar awa huɗu."